Mai Riƙon Eriya

Muryar wanda ya mutu, ta wa ce? Ta wanda ya adana ta a akwatinsa ce, ko ta uwar da ta haifi mai muryar? In kuma muryoyi biyu ne suka haɗu a wuri ɗaya, ba a iya ciro ɗaya sai an taɓa ɗayar, wa ya kamata ya haƙura? Ni dai ban san amsar ba. Eli ma, wanda abin ya faɗo a kansa, bai sani ba, ga shi kuwa mutum ne da ya saba a yi tambaya ya ba da amsa.

Eli malami ne a wata firamare a Kafanchan. Furfura ta fara tsiro masa a gemu, bai yi aure ba, yana zaune shi kaɗai a gidan da mahaifinsa ya gina bayan ya ajiye aikin jirgin ƙasa. A ƙasan akwatin kayansa akwai kaset ɗin bidiyo guda ɗaya, irin na da, mai girman littafin waƙoƙin coci, a naɗe cikin zanen zumuntar matan coci na marigayiya mahaifiyarsa. A kan wannan kaset ɗin ne maganar take.

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgi suka tashi, shi da yayarsa Magdalene. Mahaifinsu, Baba Ezekiyel, shi ya fara sayen talbijin a layin. Daga baya ya ƙara da kyamara, ƙatuwa, wadda ake saɓawa a kafaɗa, yana zuwa ɗaukar bikin aure ranar Asabar a Kagoma da Zonkwa. Amma ranar yara Juma'a ce. Bayan la'asar tashar Jos kan sa shirinsu: wata mata mai ƙaton ɗauri tana zaune a gindin bishiyar kwali tana ba da tatsuniya, ga wani ɗan akuya na tsumma a cinyarta, maƙaryaci, ɓarawon ƙosai, yana ta katse ta. Juma'a ba a zuwa Islamiyya, koyon waƙar coci kuma sai Asabar, don haka falon Baba Ezekiyel kan cika maƙil da 'ya'yan kwatas da na bayan kwatas, silifas a zube a ƙofa kamar a bakin masallaci.

Matsalar ɗaya ce, eriya. A kan dogon gora aka ɗaura ta a bayan tagar falo, iskar da ke saukowa daga duwatsu kuma ba ta barin ta ta tsaya. Da ta ɗan juya sai hoto ya ɓace, fuskar talbijin ta cika da abin da yara ke kira shinkafa. Dole wani ya fita ya rungume goran, ya saita shi wajen Jos, ya tsaya a nan har a gama. Wanda ya fita kuwa ba ya ganin komai, sai dai ya ji dariyar 'yan'uwansa ta taga.

Abin ya dami Baba Ezekiyel. Ya ce ba adalci ba ne mutum ya riƙe wa jama'a gora, su sha daɗi shi ya sha rana. Akwatin bidiyonsa nunawa kawai yake yi, ba ya ɗauko shiri daga tasha, sai ya yi dabara. Ya ɗora kyamarar bikin a kan 'yar kujerar tsugunne, ya tokare ta da littattafai, ya sa ta kallon talbijin kamar ita ma yarinya ce cikin yara. In an gama an watse, mai riƙon gora ya shigo, a zaunar da shi a kujerar Baba mai hannu, wadda ko Mama ba ta zama, a sa masa shirin tun daga farko shi kaɗai. Daga ranar riƙon gora ya zama abin faɗa. Amma yawanci Hussaini ke cinyewa, domin tun kafin a taso daga masallacin Juma'a yake zuwa ya tsaya a gindin goran ya ce ya riga kowa.

Hussaini sa'an Eli ne, ɗan Inna Nana Khadija mai waina, wadda gidanta ke bayan dangar kwatas. Hassan ɗinsa bai zo da rai ba, shi ya sa uwar ba ta son ya yi nisa da idonta. Yana da yaya mace, Kubra, ƙawar Magdalene.

Ita kyamara ba ta zaɓe. Ta ɗauki mai tatsuniya da ɗan akuyanta, ta kuma ɗauki duk abin da aka faɗa a falon: tari, gardama, wanda ke cewa a matsa masa, da muryar Hussaini daga waje tana tambaya, "Ya fito?", yara su amsa gaba ɗaya, "Juya kaɗan! Ya isa! Ka wuce!"

Hussaini bai gama firamare ba. Sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara. Bayan wasu shekaru, shekarar da gari ya rikice, gidan Inna Nana ya ƙone da duk abin da ke ciki, har da hoton sallah guda ɗaya da aka taɓa yi masa. Suka koma can ɗaya gefen gari, zumunci ya koma sai gaisuwa in an haɗu a kasuwa. Baba Ezekiyel ya rasu. Mama Regina, mahaifiyar su Eli, ta daɗe bayansa, sannan ita ma ta bi.

Kwali guda na kaset Baba ya bari. Eli kan sa su lokaci-lokaci ranar Juma'a in ya dawo daga makaranta, ya zauna a kujerar nan mai hannu, ya yi dariyar ɗan akuya shi kaɗai. Ya san akwai shirye-shiryen yara iri-iri a waya yanzu, masu launi, marasa shinkafa, amma ko ɗaya ba ya shiga ransa. Sai wata damina kwanon ɗakin ajiya ya yi yoyo bai lura ba. Da ya buɗe kwalin, fumfuna ta yi fari fat a jikin zaren kaset-kaset ɗin. Yawancinsu sun manne, ba su ko motsi. Ya sa ɗaya daga cikin masu dama-dama, akwatin bidiyo ya yi ƙugi, ya tauna zaren ya tofo shi a cukurkuɗe. Ya sa wani, haka. Saura ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda ya fi so, domin a ƙarshensa Mama Regina ta shigo falo da tukunyar faten acca tana yi wa yara faɗa tana dariya. Duk duniya babu wani wurin da muryarta take sai nan.

Ya kai wa Jamiluddeen mai gyaran rediyo a kasuwa. Jamiluddeen ya ɗaga kaset ɗin a rana, ya hura, ya girgiza kai. Ya ce zai iya goge cikin akwatin bidiyon da auduga, amma zaren ya riga ya ruɓe. Wataƙila ya wuce sau ɗaya, wataƙila ya tsinke a hanya. Ko Kaduna aka kai don a juya shi a kwamfuta, sai an kunna shi tukuna. Ya kuma gargaɗe shi kada ya ce zai zarce da gudu zuwa ƙarshe, gudun ne ke tsinka irinsu. In za a sa, daga farko za a sa, a bi shi a hankali.

Eli ya dawo gida ya naɗe kaset ɗin a zanen Mama. A ganinsa, muddin ba a kunna ba, tana nan a ciki lafiya lau.

Ana nan, wata ranar Talata da yamma, yana duba littattafan 'yan aji a baranda, sai keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Wata mata mai jiki ta sauko, da mayafi ruwan ƙasa, ta yi sallama. Sai da ta yi dariya ya gane ta.

"Hajiya Kubra!" ya ce, yana miƙewa. "Yau ɓatan hanya aka yi?"

"Hajiya a bakinka? Eli sarkin kuka, kai ne har da gemu? Wallahi da a kasuwa ne sai in ce maka Baba."

Ya kawo mata kujera da ruwa. Suka gaisa, ta yi masa ta'aziyyar Mama wadda ta ce tana jin kunyar jinkirinta, ya tambayi lafiyar Inna. Ta ce jiki ya yi nauyi, ido ya tafi saura kaɗan, amma kunne garau, ko a ɗaki na uku ka yi gulmarta za ta amsa. Sai ta gyara zama, ta daina dariya.

"A motar Zonkwa na haɗu da Magdalene," ta ce. "Muna hirar da, sai ta ce min wai akwai kaset ɗin Baba da ya rage. Wai Hussaini na ciki."

Eli ya tattara littattafan da ke cinyarsa, ya sake baza su.

"Ni kuma bakina bai da ƙofa," Kubra ta ci gaba, "na je na faɗa wa Inna. Tun ranar ba ta da wata magana. Ba ta ce a ba ta ba, Malam. So take ta ji kawai. Ko sau ɗaya."

"Sau ɗayan ne matsalar," in ji Eli. Ya yi mata bayanin fumfuna, da kaset biyun da suka salwanta, da abin da Jamiluddeen ya ce. Ya yi bayanin dalla-dalla kamar yana gaban allo, yana jin kansa yana tsawaitawa.

"To a sa waya a gaba ta ɗauka mana," ta ce. "Abin da ya fito ya fito."

"Abin da bai fito ba fa? Mama a ƙarshe take. In ya tsinke a tsakiya, shi ke nan."

Kubra ta dube shi, ta dubi ƙofar falo inda ake hango kujerar nan mai hannu. Ba ta yi gardama ba.

"Gaskiyarka," ta ce. "Uwa ba wasa ba ce." Ta shanye ruwan, ta miƙe. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Har yanzu kana kuka in ɗan akuya ya sha duka?"

"Ba zan iya ba, Kubra. Ki ba Inna haƙuri."

"Na ji ai. Tambaya na yi."

Ranar Asabar Magdalene ta iso daga Zonkwa, inda take aikin jinya, da doya a buhu da faɗa a baki. Tun kafin ta ajiye buhun ta fara.

"Yesu na! Tsohuwa ta aiko 'yarta har gida, ka ce a'a? Da wane baki?"

"Sista, ke kika jawo. Wa ya aike ki?"

"Kaset ɗin na gidanmu ne, ba naka kai kaɗai ba. Mutane na auren mata, kai ka auri kaset, ka naɗe shi a zane kamar amarya. Ka taɓa jin ya yi maka magana daga cikin akwatin?"

"In ya lalace, ke za ki dawo min da muryar Mama?"

"Mama tana wurin Ubangiji, ba ta cikin fumfuna." Ta zauna tana huci, ta cire takalmi. Can ta sassauta. "Baba don wa ya ɗauki abin nan tun farko? Don ni? Don kai? Mu muna ciki muna kallo. Don mai riƙon gora ya ɗauka."

Eli ya ji maganar ta shige shi, amma yana da tasa. Don Hussaini aka ɗauka, gaskiya ne, kuma Hussaini ya kalla, an biya shi. Abin da ya rage ba na Hussaini ba ne, na masu rai ne, masu rai kuwa biyu ne: uwa da ta rasa ɗa, da ɗa da ya rasa uwa. Ya auna ta nan, ya auna ta can, bai ga wanda ya fi wani ba. Ita ta tsufa, kwananta ya ƙare. Shi kuma wataƙila yana da shekaru masu yawa da zai yi ba tare da muryar ba. To wannan hujjarta ce ko tasa? Ya yi ta juya abin har cikin coci ranar Lahadi, fasto na wa'azi shi yana wani wurin.

Daga ƙarshe ya samo abin da ya ɗauka mafita ce. Ya san kaset ɗin nan kamar addu'ar Ubangiji, kalma da kalma. Zai je ya faɗa wa Inna duk abin da ke ciki da bakinsa, kaset ya zauna lafiya.

Ya sayi lemo da sabulu, ya hau keke zuwa unguwar da ya daɗe bai taka ba. Ya tarar da Inna Nana a kan tabarma a inuwar zaure na ciki, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Da ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta miƙo hannu ta shafa kansa har zuwa gemu.

"Ɗan Rajina ne? Ikon Allah. Kai ma ka tsufa ka bar ni."

Ya yi dariya, ya zauna a gefen tabarma. Ya ce ya zo ne ya ba ta labarin abin da ke cikin kaset. Ta ce bisimilla. Ya fara da kiɗan buɗe shiri, da yadda aka yi ta ihun shinkafa, da yadda Hussaini ya ce daga waje, "Ya fito?" Ya faɗi yadda Kubra ta ce masa ya juya wajen masallaci, Magdalene ta ce a'a wajen tashar jirgi, Hussaini ya ce su shirya tsakaninsu tukuna hannunsa ya gaji. Inna ta yi murmushi, tana gyaɗa kai.

"Yaya ya faɗe ta?" ta tambaya.

"Haka ya ce, Inna. Hannuna ya gaji."

"Na ji abin da ya ce. Yaya muryar take? Siririya ce, ko tana da ɗan kauri? Ka san akwai lokacin da nake ganin kamar yana da 'yar shaƙewa, sai kuma in ce a'a, wannan ɗan Kubra ne nake ji. Sun cakuɗe min. Fuskarsa ma na haƙura da ita. Amma a ce uwa ta manta muryar ɗanta..." Ta ja carbi, ba ta ƙarasa ba.

Eli ya buɗe baki zai kwaikwaya, ya ji ba abin da ya zo. Kalmomin suna nan, muryar babu. Ya gwada ta Mama a zuciyarsa, abin da ta ce da ta shigo da tukunya, ya tarar ita ma haka: kalmomi tsirara, da muryarsa shi yake jin su. Bai san yaushe ta sulale ba.

"Kubra ta faɗa min uwarka na ciki," Inna ta ce. "Ka riƙe abinka, ɗana. Da na san haka ne da ban bari ta je ba. Rajina ta fi ƙarfin in yi mata haka. Ita ta goya Hussaini zuwa asibiti ranar, ni ƙafata ta ƙi ɗaukata." Sai kuma ta ɗan yi dariya. "Mace mai murya kamar jiniyar jirgi. Ina tuyar waina a bayan danga sai in ji ta."

Ta ɗaga kai, ta cika ƙirji, ta ja kira da wata murya da ba tata ba, da irin karyewar harshen Mama da Hausarta ta mutanen dutse: "Iliiiya! Kai Iliya! Ka zo nan kafin na zo wurin!"

Ba wanda ya taɓa kiransa Iliya sai Mama, kuma tun da aka binne ta bai ƙara ji ba. Bai yi daidai da tata ba, muryar tsohuwa ce mai rawa, amma hawan da saukar nata ne sak. Eli ya sunkuyar da kai. Kubra da ke tsaye a ƙofar ɗaki ta ce, a hankali, "Sarkin kuka," ta miƙo masa gefen mayafinta, ita ma idonta ya cika.

A hanyar gida bai warware tambayarsa ba. Abin da ya gani kawai shi ne, tsohuwar nan ta riƙe masa uwarsa shekara da shekaru ba tare da akwati ba, ta kuma ba shi ba tare da ya roƙa ba. Ya biya kasuwa ya ce wa Jamiluddeen ya zo ya goge akwatin bidiyon.

Juma'a suka sa, bayan la'asar. Kubra ta kawo Inna a keke, Magdalene ta yi musayar aiki ta zo. Eli ya tayar da janareta don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Ya kama hannun Inna ya kai ta kujerar Baba mai hannu. Ta shafa hannun kujerar ta ce, "A'a, wannan ai ta mai gida ce."

"Ta mai riƙon gora ce, Inna," ya ce. "Ki zauna masa."

Ya ɗauko 'yar kujerar tsugunne, ya ɗora wayarsa a kai, ya tokare ta da littattafan 'yan aji, ya saita ta tana kallon talbijin. Magdalene ta ce, "Dubi ɗan Baba." Kubra ma ta jingina tata wayar a jikin kofi. Sannan ya warware zanen zumunta. Ya tura kaset ɗin, akwatin ya haɗiye shi.

Shinkafa ta fara fitowa. Sai layuka suka yi ta hawa suna sauka, sai ga talbijin a cikin talbijin, ƙarama, a ɗan karkace, da ƙeyar wata yarinya a gefe. Kiɗan buɗe shiri ya tashi, yana lanƙwasa kamar an jiƙa shi, amma shi ne. Magdalene ta dafe ƙirji. Kubra ta fara bin kiɗan da baki ba ta sani ba.

"Waccan ƙeyar taki ce," Magdalene ta ce mata. "Dubi kitso kamar an yi da daddare."

"Uwarki ce ta yi min shi, sai ki kai ƙara."

Mai tatsuniya ta fito da ɗaurinta, ɗan akuya ya leƙo daga bayan hannunta, falon da ya cika da dariyar yara, falon yau ma ya ɗauka. Sai hoton ciki ya watse, yara suka yi ihu, "Shinkafa! Shinkafa!" Daga nesa, ta taga, wata 'yar murya ta ce:

"Ya fito?"

Siririya ce, da 'yar shaƙewa a ƙarshenta.

Inna ta saki carbi. Ta matso gaba har bakin kujera, ta juyo da kunnenta na dama wajen talbijin. "Shi ne," ta ce. "Da shaƙewar. Ashe ban manta ba. Kubra, kin ji? Da shaƙewar."

Suka ji gardamar masallaci da tasha, suka ji hannuna ya gaji. Inna na dariya hawaye na bin kumatunta. Eli yana durƙushe kusa da akwatin, rabin hankalinsa a kan shirin, rabi a kan ƙarar da zaren ke yi a ciki. Ya san abin da ke tafe. Bai faɗa wa Inna ba ranar da ya je, domin bai san yadda zai faɗe shi da bakinsa ba. In ɗan akuya ya saci ƙosai aka kama shi, daga bayan danga wata mai waina za ta ƙwala kira, yaron da ke riƙe da gora kuma zai amsa.

Ɗan akuya ya miƙa wuya wajen kwanon ƙosai. A daidai nan akwatin ya fara ƙugi.

Eli ya san ƙugin, ya ji shi sau biyu a baya. Hoto ya fara rawa, wani farin layi ya tsaga shi. A ciki ana jin ƙas-ƙas, kamar ana murza busasshen ganye. In aka tsayar yanzu, aka buɗe akwatin a hankali, Jamiluddeen zai iya yanke inda ya lalace ya liƙa sauran, wataƙila a tsira da ƙarshen. In aka bari, zaren zai yi ta naɗewa a ciki har ya cinye abin da ya rage.

Magdalene ce ta zabura. Ita da ta ce Mama ba ta cikin fumfuna, ita ce ta taso da gwiwa, fuskarta a jiƙe, hannunta na neman maɓallin tsayarwa.

"Eli, kashe! Kashe, Mama na gaba! Ai Inna ta ji shi!"

Inna ma ta ji ƙarar. Ta ja baya a kujera, ta lalubo carbinta. "Ku tsayar, 'ya'yana," ta ce. "Na ji. Alhamdu lillahi, ya ishe ni."

Eli ya dubi maɓallin. Ya dubi zanen zumunta da ke yashe a ƙasa. A talbijin an kama ɗan akuya da ƙosai a baki, yara na ta shewa, sautin na nutsewa yana tasowa.

Ya kama hannun yayarsa, ya riƙe shi gam a cikin nasa.

"Bar shi, Sista," ya ce.

Da ɗaya hannun ya murɗa sauti har ƙarshe. Ta cikin ƙugin da ƙas-ƙas ɗin, daga can bayan danga, muryar wata mace mai ƙuruciya ta taso, "Hussaini! Kai Hussaini!" Tsohuwar da ke kujerar Baba ta ɗaga kai, bakinta a buɗe.

"Na'am, Inna! Ina zuwa, gora nake riƙe musu!"